Sunan da aka raɗa mini

Ina da shekara 9 aka aike ni sayen kananzir na dawo da ashana. Kwalbar tana hannuna, kuɗin ma suna hannuna, kuma sarai na san abin da aka aike ni. Amma da na tsaya gaban mai tebur, sai harafin farko ya maƙale mini a maƙogwaro. Ka... ka... ka... Akwai wasu 'yan mata biyu a bayana, ɗaya ta fara ƙunshe dariya da bakin mayafinta. Mai teburin ya ce, "Kai, yi magana mana, ko ka ba mutane wuri." Sai na ji bakina ya ce "ashana", don ita ce kalmar da ta yarda ta fito. Ya miƙo mini, na karɓa, na juyo da kwalba babu ko ɗigo. A gida aka ce wasa na tsaya yi har na manta aike. Aka zane ni, muka kwana a duhu. Ban faɗa wa kowa gaskiyar abin da ya faru ba sai bayan shekara 20 da wani abu, ranar da na ba matata labarin. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dubi fuskata ta daina.

Da in'ina na fara magana, kuma har yau ban rabu da ita ba. Wanda bai taɓa yi ba yana zaton mai in'ina bai san abin da zai faɗa ba ne, ko kuma gaggawa ce ta yi masa yawa. Kalmar tana nan a kanka tsaf, kana ganinta tun daga nesa tana tahowa kamar ramin da ke tsakiyar hanya, ka san kuma za ka faɗa. Shi ya sa yaro mai in'ina yake zama gwanin kewaye. In "kasuwa" ta ƙi fita sai ya ce "can wajen masu saye da sayarwa". In kewayen ma ya gagara, sai ya yi shiru. Ni shirun na zaɓa, tun ban kai shekara 10 ba na riƙe karin maganar nan ta da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A gidanmu kuwa shirun nan yabo ya jawo mini. Baƙi su zo, in durƙusa in gaishe su a gurguje da kai a sunkuye, in sulale. Sai ka ji an ce, "Kai, yaron nan akwai kunya. Allah ya shirya mana irinsa." Baba ya ji daɗi. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni ma sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa wancan ya zo." Ba ƙi ba ne, na san wannan yanzu. Ita ce ta riƙa karɓo mini rubutu wurin malamai ina sha da asuba, a ɓoye, da kuɗin ƙuli-ƙulinta. Amma alkunyar ɗan fari ta sa babu wata ƙofa tsakanina da ita da zan bi in ce ga abin da ke damuna.

Mutum ɗaya ce nake sakin baki a gabanta, kakata ta wajen uba. Ita ma tana tsokanata, har ta fi kowa. Tana ce mini, "Maigida, kafin ka gama neman aurena ai na mutu." Ni kuma in ce mata tsohuwa mai haƙori uku, wa zai kwasa. Mu yi ta dariya. Na daɗe ina tunanin me ya sa tsokanarta ba ta yi mini zafi, ta yaran unguwa kuwa tana hana ni barci. Daga baya na gane. Mu Hausawa mun san wasa, akwai na jika da kaka, na taubasai, na Kanawa da Zagezagi, na Fulani da Barebari, kuma duk inda ka duba za ka tarar kowane ɓangare yana da damar ramawa. Ranar da aka ce ɗaya ne kaɗai ke faɗa, ɗayan kuma in ya buɗe baki sai duka, to an bar wasa an koma cin zali, ko da kuwa ana dariya.

A 1999, shekarar da aka koma mulkin farar hula, na ci jarrabawar shiga sakandare aka tura ni makarantar kwana ta maza, tafiyar kusan awa uku daga garinmu. Ina da shekara 12. Baba ya raka ni da akwatin ƙarfe, bokiti, katifa 'yar firit da fartanya, ya damƙa ni ya juya. A daren farko, bayan an kashe fitila, siniyoyi suka tara mu sababbi a tsakiyar ɗakin kwana, suka ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu.

Duk mai in'ina ya san babu kalmar da ta kai sunanka wuya, domin ita kaɗai ce ba ta da madadi. Ba za ka kewaye sunanka ba. Layi yana matsowa ina ƙirga saura mutum nawa, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Da aka zo kaina na miƙe, na buɗe baki, harafin farko ya yi ta bugawa ya ƙi wucewa. Sai wani daga kan gadon sama ya ce, "Kai, janareton nan ya ƙi tashi, a ja igiya!" Wani ya taso ya kama kunnena ya fizga kamar mai tayar da inji. Ɗakin ya kece da dariya. Wani ya ce babu mai, wani ya ce fulogi ne ya mutu. Ban samu na faɗi sunana ba a wannan daren, kuma ba a sake tambayata ba. Daga ranar na zama Janareto. Shekara uku cur, ban da masu kiran rajista, da wuya ka samu mutum biyar a makarantar da suka san sunan da ubana ya yanka mini rago.

Sauran wahalar kowane ƙaramin ɗalibi ya sha ta: ɗiban ruwa wa siniya kafin asuba, wankin kayansa, tsallen kwaɗo, kamun kunne, a ƙwace maka nama in an yi sa'a ranar akwai nama a kan gabza. Wannan ba ta dame ni ba sosai, tunda tare muke sha. Abin da ya karya ni shi ne na zama abin nishaɗi. In dare ya yi siniyoyi suka rasa abin yi sai a ce a kira Janareto. A ba ni wata jimla mai wuya a ce in maimaita, a ja kunne, a yi dariya, a sallame ni. Har 'yan ajinmu suka ɗauka, domin yaron da aka daka da rana yana neman wanda zai taka shi ma ya ji ya fi wani.

Na koyi ɓacewa. Na san lokacin da babu kowa a bakin famfo. Na daina zuwa ɗakin cin abinci da rana in na hango wasu mutane a ƙofa, in jiƙa garin kwaki a bayan aji in sha. A aji kuwa, sau nawa malamin lissafi zai yi tambaya, amsar tana bakina, in sunkuyar da kai, a zane mu duka. Bulala ta fi mini sauƙi a kan in ɗaga hannu. Kowace Lahadi da yamma sai cikina ya murɗa, a kai ni wurin mai ba da magani, ya ba ni ƙwaya biyu fara ya ce tsutsar ciki ce.

Ranar ziyara ta farko Baba ya zo da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da naira 50 da Inna ta ƙulle a leda. Muka zauna a gindin wata bishiyar darbejiya. Na yi kwana da kwanaki ina shirya abin da zan faɗa masa, amma da na fara sai kuka ya riga maganar fita. Ya dube ni ya ce, "Kai namiji ne, ka daure. Mu ma da bulala muka yi karatu, ga mu nan ba mu mutu ba." Ba na riƙe shi da wannan, Allah ya jiƙansa. Abin da aka faɗa masa ne ya faɗa mini. Ya ɗauka duka nake wa kuka, ni kuma ba ni da bakin da zan ce masa ba dukan ba ne. Kafin motarsu ta bar gari an raba garin kwakin a ɗakin siniyoyi.

Sau ɗaya na rama. Muna aji biyu wani ɗan ajinmu ya biyo ni bakin rijiya yana kwaikwayona, na juya na maka masa bokitin ƙarfe a goshi, jini ya wanke masa fuska. Aka yi mini bulala 12 a gaban asambili. Abin da na ji malamai suna faɗa shi ne, "Ai dama masu in'ina akwai zafin zuciya." Haka mutanenmu suke cewa, har an mayar da shi kamar wata halitta. Babu wanda ya tambayi abin da aka yi shekara biyu ana yi wa yaron kafin ya ɗaga bokiti.

Wanda Allah ya sa ya zama sanadin fitata daga wannan rami malamin addini ne da aka kawo mana muna aji huɗu. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, yana zuwa da wani tsohon keke. Na saba in riga kowa zuwa masallaci kafin asuba, don a nan ne kaɗai ba mai nemana, in zauna a lungu ina tilawa. Abin mamaki, in ina karatun Alƙur'ani da ƙira'a harshena ba ya sarƙewa ko kaɗan. A lokacin na ɗauka wani sirri ne tsakanina da Ubangijina. Daga baya na karanta cewa sananne ne wurin masana: yawancin masu in'ina ba sa yi in suna rera abu, ko suna karatu baki ɗaya tare da jama'a. Wata asuba ina cikin Suratu Maryam ban san Malam yana tsaye a ƙofa ba. Da na kai aya na tsaya, ya ce, "Yaro, yaya sunanka?"

Gabana ya faɗi. Na fara, ya maƙale. Na jira ya ƙarasa mini, ko ya ce in kwantar da hankali, ko ya kau da kai don tausayi, abubuwa ukun da manya suka saba yi ke nan, kuma duk ukun ciwo ne. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana dubana kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya sai jiran wannan kalma. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba, a wurina kamar shekara. Sunan ya fito. Ya maimaita shi, cikakke, har da na mahaifina, ya ce, "Madalla. Gobe kai za ka kira mana sallar asuba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba zan iya ba, ina jin kunya." Ya zauna a kan tabarma ya ce in zauna. Ya ce, "Ɗana, ka san hadisin da ya ce kunya ba ta zuwa da komai sai alheri?" Na ce na sani. Ya ce, "To wannan abin da ke hana ka cin abinci, ya hana ka amsa tambayar da ka sani, wane alheri ya kawo maka? Nana A'isha ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Hausawa ma sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Kai naka na daji ne ya biyo ka gida, aka yi masa sallama da sunan kunya." Ashe ya daɗe yana lura da ni. Sannan ya buɗe mini Suratu Ɗaha, ya nuna mini addu'ar Annabi Musa daga aya ta 25 zuwa ta 28, inda yake roƙon Allah ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙa masa al'amarinsa, ya warware ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa. Ya ce, "Wanda aka aika wurin Fir'auna ke nan. Kai kuwa yara 'yan uwanka kawai za ka tasa daga barci."

Ban runtsa ba a daren. Da lokaci ya yi babu wuta, lasifika ba ta aiki, sai na hau kan wani bulo a gefen masallaci, sanyin hunturu yana ratsa rigata, gwiwoyina suna karkarwa. Na toshe kunnuwana da yatsu, kunnuwan nan da aka yi shekara uku ana ja, na ɗaga murya. Ta fita tas. Ni kaina ban san ina da murya irin wannan ba, na ji ta ta bugi bangon ɗakunan kwana ta dawo. Har na kai "Assalatu khairun minan naum" ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da mutane suka fara fitowa da butoci suna tambayar wane ne sabon ladan, na ji wani siniya ya ce, "Ashe janareton ya tashi." Aka yi dariya, amma ba irin waccan ba ce.

Kada wani ya ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Da na sauko daga kan bulon in'inata tana nan tana jirana, da ita na amsa gaisuwar Malam. Masu tsokana ma ba su daina a rana ɗaya ba. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai wani abu a makarantar da in ban yi ba za a ji babu. In na makara, har siniyoyi ke aiko a taso ni. Malam bai taɓa tara ɗalibai ya ce a daina tsokanar wane ba, ya san in ya yi haka da dare ni zan biya. Sai dai wata rana a karatun bayan la'asar ya ɗauki aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Ya ba da labarin Abdullahi ɗan Mas'ud da ya hau bishiya iska ta yaye ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariyar sirantarsu, Manzon Allah (SAW) ya ce sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. A hankali sunana na gaskiya ya fara dawowa, wasu kuma suka koma ce mini Ladan.

A nan ya kamata labarin ya yi daɗi, amma akwai abin da in na ɓoye na ci amanar mai karatu. Da muka kai aji shida aka ba ni shugabancin ɗakin kwananmu. A cikin sababbin da aka kawo akwai wani yaro siriri, ba zai wuce shekara 11 ba, mai fitsarin kwance. Yana tashi tun duhu ya juya katifarsa don kada a gani, amma wari ya tona shi. 'Yan ɗaki suka kawo mini ƙara. Ni, da bakina, na ce a ɗora masa katifar a ka ya zagaya ɗakunan kwana da ita. Yara suka bi shi suna tafi suna kiransa Amalala. Ina tsaye a ƙofa ina dariya. Na tuna sarai daɗin da na ji, daɗin cewa yau ba ni ne a tsakiyar da'irar ba. Na kuma tuna bai yi kuka ba, idonsa a ƙasa kawai, irin kallon ƙasar da na fi kowa sani.

Labari ya kai wa Malam. Bayan sallar magariba ya tsayar da ni, na shirya jin wa'azi mai tsawo. Ya dube ni ya ce, "Kai ma?" Ya sa takalminsa ya tura kekensa ya tafi. Bulala 12 ta gaban asambili ba ta yi mini zafin kalmomin nan biyu ba. Na yi niyyar in nemi yaron in ba shi haƙuri, girman kai na siniya ya sa na yi ta cewa gobe. Aka yi hutu, aka dawo, gadonsa babu kowa. Aka ce iyayensa sun ce ba zai dawo ba.

Mutane suna mamaki in na ce musu aikin koyarwa nake yi. Na yi NCE, yau shekara 15 ke nan ina gaban allo a ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, maza da mata. Duk ajin da na shiga ranar farko, kafin in rubuta komai, nakan ce musu, "Ina da in'ina. Wani lokaci kalma za ta tsaya mini, ku jira ni, za ta zo. Wanda dariya ta kama shi ya yi ta yau, na ba ku minti ɗaya." Sukan yi 'yar dariya, ni ma in yi, shi ke nan an wuce wurin. Abin da ka fito da shi fili da kanka ba ya zama makami a hannun wani. Nakan gaya musu kuma cewa kusan mutum 1 cikin 100 na manya a duniya yana da in'ina, maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Joe Biden da ya mulki Amurka da ita ya tashi, ya sha faɗa da bakinsa. Sarki George na 6 na Ingila, mahaifin Sarauniya Elizabeth, da ita ya riƙa yi wa ƙasarsa jawabi a rediyo lokacin yaƙin duniya na biyu. Har rana aka ware mana, 22 ga Oktoba, ko da yake a garinmu ni kaɗai nake tunawa da ita.

Hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a 2019 cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda. Da na ji ban yi mamaki ba, na dai duba ajina mai yara sama da 70 na ce to su wane ne nawa. Ba sa zuwa su faɗa. In ka tambayi yaro kai tsaye ko ana cin zalinsa, zai ce a'a, don ya san abin da ke jiran mai kai ƙara. Ni tambayar da nake yi ita ce, "A ina kake zama lokacin tara? Da wa kake cin abinci?" Yaron da ya ce a aji yake zama shi kaɗai, ko kullum kuɗin tararsa sun faɗi, ko biro ɗinsa ya ɓace, ko cikinsa na ciwo duk safiyar Litinin, na san inda zan sa ido. Ba na kuma tayar da yaro mai tsoro ba zato in ce ya yi bayani gaban aji wai don ya saba, wannan jefa wanda bai iya iyo ba ne a kogi. Sai in kira shi gefe yau in ce, "Gobe zan yi maka tambaya kaza, je ka shirya." In ya amsa daidai a gaban 'yan uwansa sau biyu, sau uku, wata rana za ka ga hannunsa a sama ba ka ce ba.

Akwai wata yarinya 'yar aji uku da ba zan manta ba. An daɗe da gama zancen korona, kowa ya yar da takunkumi, ita kuwa kullum nata yana fuskarta, ko a zafin watan Afrilu. Wata malama abokiyar aikina ce ta lallaɓa ta ta cire a ofis, sai ga kumatu duk sun ƙone, jawur da dabbare-dabbare. Man bilicin take shafawa a ɓoye, tana da shekara 14. Baƙa ce, kyakkyawa, amma 'yan ajinsu sun ɗauki hotonta sun haɗa da na gindin tukunya sun sa a zauren WhatsApp ɗinsu. A zamaninmu in ka tsere wa masu tsokana ka shiga bargo ka huta. Yaran yanzu tsokanar tana bin su har cikin bargon, a wayar yayarsu ko ta uwarsu.

Muka aika a kira mahaifiyarta. Da malamar ta fara bayani sai ta ce, "Ai ita haka take, kunya gare ta, ko ƙofar gida ba ta leƙawa." Tsigar jikina ta tashi, kamar na ji muryar baƙin Baba. Na ce, "Hajiya, don Allah yaushe rabonki da ki ji dariyarta?" Ta buɗe baki za ta amsa, ta rufe. Can ta ce a gida ma gwaggonninta sukan ce wa ta biyo da wannan baƙin, ƙannenta duk farare, amma ai wasa ne. Na ce mata in wasa ne, ita yarinyar tana ramawa? Ta yi shiru tana murza bakin hijabinta.

Ba mu yi wa yarinyar dogon wa'azin cewa baƙi ma kyau ne ba, ta ji wannan a bakin mutanen da su kansu suke shafa man. An kai ta asibiti don fatar, an kira yaran da suka yi hoton ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban asambili ba, tare da iyayensu. Jagorarsu da muka bincika, a gidan kishiyar uwa take, ita ma abin da ake yi mata ke nan safe da yamma, ban iya yi mata tsawa yadda na shirya ba, don na san wanda nake gani a fuskarta. Ita kuwa yarinyar, malamar ta lura da zanen lalle a hannunta, ta tambaya wa ya yi, ta ce ita ce. Sai muka ba ta aikin zana mana hotunan darasin kimiyya a allo kafin a shiga aji: zuciya, fure, ƙwayar ido. Har malaman wasu azuzuwa suka fara aikowa a ara musu ita. Ba ta zama mai surutu ba, kuma ba mu nemi ta zama ba, akwai mutanen da Allah ya yi su masu shiru kuma lafiyarsu ƙalau. Amma wata safiya na shigo na tarar tana kan benci tana zana ƙashin bayan mutum, alli a hannu, tana yi wa wani yaro tsawa ya matsa yana tare mata haske. Babu takunkumi.

Malam ya rasu shekarun baya, na samu na je jana'izarsa. Ban taɓa gaya masa abin da kalmominsa biyu suka yi mini ba. Shi kuwa yaron katifa, na fi shekara 10 ina nemansa. Da aka buɗe zauren tsofaffin ɗalibai na makarantarmu na rubuta cewa ina cigiyar wani da ya shigo aji ɗaya muna aji shida, ɗakinmu ɗaya, siriri, ya bar makaranta bayan zango na farko. Cikin awa guda mutum takwas suka amsa. Kowannensu ya tuna shi. "Oh, Amalala?" Har da masu sa hoton dariya. Na ce sunansa na gaskiya nake nema, da garinsu. Zauren ya yi tsit. Wani ya ce kamar daga wajen Jigawa yake, wani ya ce a'a. Ni ne shugaban ɗakinsa, ni nake kiran sunayensu kowane dare kafin a kashe fitila, wata uku ina kiran nasa yana amsawa. Na yi ta juya ƙwaƙwalwata, a kan sallaya, a kan babur, a gaban allo. Har yau sunan bai zo mini ba.